Shekarar da Katafila Ta Feɗe Gonarmu

Bana ruwa ya yi jinkiri. Shekaranjiya aka fita roƙon ruwa a bayan gari, ni ma na ja sandata na shiga sahu, rana tana dukan ƙeya, liman yana addu'a muna amin. Ina cikin amin ɗin nan dariya ta kusa kuɓuce mini, har wanda ke gefena ya juyo ya harare ni. Bai san abin da na tuna ba. Na tuna shekarar da na taɓa tsayawa a irin wannan sahu, bakina yana cewa amin, zuciyata tana cewa, "Ya Allah, ba yau ba." Allah Ya yafe mini. Amma da dalilina, shi ne kuma zan faɗa.

Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Muna zaune a ƙauyenmu ta wajen Kakangi, 'yan gidaje a bakin daji, mu da Gwarawa a cakuɗe, danga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Baba Ɗanlami. Dajin nan da yau ambatonsa kawai ke sa mutum ya waiwaya, a lokacin wurin itace ne da zuma da ɗorawa, abin tsoron da ke ciki bai wuce kura da gwaggon biri ba. Ina da shekara ashirin ko kusa da haka. Yayata tana gidan miji, ni ne babban namiji a gida, kuma ba abin da ke kaina sai tamaula. Haka muke kiran ƙwallo a da. Tsumma muke naɗewa mu ɗaure da rama, mu yi ta dukansa a filin kasuwa tsakanin kututturai, kowa babban yatsansa da miki.

Daminar da ta gabata ta ci amanarmu. Ruwa ya ɗauke dawa tana fitar da kai, rumbunmu biyu, ɗaya ne ya ga hatsi, shi ma ba cika ya yi ba. Baba ya ce ba laifin sama kaɗai ba ne, gonar ma ta gaji. Sai ya je ya sami Jauro Bello, suka shirya Fulani su sauke shanu a babbar gonarmu rani guda, suna ciccira makwancin daga wannan kusurwa zuwa waccan, shi kuma ya bar musu kara da harawa, ya ƙara da 'yan dammuna daga ɗan abin da muke da shi. Inna ba ta so ba.

"Malam, abin da yara za su ci za ka ba shanu?"

"Shanun za su dawo mana da shi," in ji Baba. "Ki bari damina ta zo."

Kafin bazara ƙasar gonar nan ta yi baƙi ƙirin. In ka taka, ƙafa nutsewa take yi. Baba kan je da yamma ya damƙi ƙasar ya shaƙa, ya dawo gida yana fara'a kamar wanda aka yi wa haihuwa.

A ranin nan ne wani kamfani ya zo gyaran hanya, suka kafa sansani a bakin gada. Cikinsu akwai wani Bafaranshe, shugaban kanikawa, sunansa Marsel. Gajere ne mai faɗin ƙirji, rana ta mai da shi ja, yana ɗingisa ƙafar hagu, don haka muka sa masa Mai Gwiwa. Ba ya jin Hausa, Turancin Ingila ma kame-kame yake yi. Direbansa, Sule Ɗan Maraɗi, shi ne bakinsa da kunnensa.

Wata la'asar muna wasa, tamaularmu ta gangara ta tsaya a gabansa. Mun zaci zai tsallake ya wuce. Ina! Sai ya sa ɗan yatsan ƙafa ya ɗago ta, ta hau gwiwa, ta hau kai, ta kwanta a ƙeya, ta gangaro kafaɗa ta dawo ƙafa, ba ta taɓa ƙasa ba. Sannan ya juya ya aika ta ta tsakanin ƙafafun Ado, golanmu, wanda ke tsaye baki buɗe. Kai! Ihun da muka yi har kaji suka watse.

"Ku kallon bakanike kuke masa," in ji Sule. "Wannan da kuke gani, shekara goma sha ɗaya yana cin abinci da ƙafarsa a ƙasarsu."

"Wai biyan mutum ake yi ya yi wasa?" in ji Ado. "Haba Sule, ka ji tsoron Allah."

Sule ya sa shi ya fito da wani hoto daga aljihu. Ga shi nan da ƙuruciya, ya tashi sama zai sa wa ƙwallo kai, bayansa mutane maƙil har kan rufi, ban taɓa ganin taro irinsa ba ko a filin Idi. Washegari ya zo mana da ƙwallon fata mai igiya. Daga nan kullum la'asar yana wurinmu. Ni ya fi sa wa ido. Ya koya mini bugu da cikin ƙafa, da yadda ake tare ƙwallo ta mutu a wuri ɗaya. Aibina kallon ƙasa, sai ya sa Sule ya koya masa kalma biyu, ita ce duk Hausarsa: "Ɗaga kai, Garba! Ɗaga kai!" Na kan kwana ina jin muryar nan.

Ana haka sai yayar Baba ta rasu a Dogon Dawa. Da zai tafi ya ce mini, "Gida da gona suna hannunka." Na ce to.

Kwana uku da tafiyarsa Ado ya yi tuntuɓe da kututture ya fasa leɓe. Mai Gwiwa ya fusata, ya ce wannan fili makaryar ƙafa ce. Sule ya fassara: babu wani wuri shimfiɗaɗɗe a kusa? Katafilarsu ta gama aiki a nan, jibi za a ɗora ta a mota a tafi da ita, amma gobe Lahadi tana zaune. Ni da bakina na ce akwai. Na kai su gonarmu.

"Yana tambaya, ana amfani da wurin?"

"Yanzu dai babu komai a ciki," na ce.

Shi Mai Gwiwa a idonsa fili ne fetal da kashin shanu, dattin da ya kamata a share. Ni kuma a wautata na ɗauka katafila baje tsofaffin kunyoyi kawai za ta yi, ta tumɓuke 'yan kututturai, mu yi wasanmu har ruwa ya sauka, Baba ma ya dawo ya sa mini albarka don na rage masa aiki. Ban taɓa ganin tana aiki a kusa ba.

Da hantsi ta iso tana ruri, duk ƙauye ya fito kallo, ni kuwa na tsaya a gaba ina hura hanci. Ta sauke bakinta. Zuwan farko tafi na yi. A na uku sai na ga bayanta ja. Baƙar ƙasar nan tana naɗewa a gabanta, tana tura ta can ƙarshen gona, bakin ƙorama. Baba Ɗanlami ya taho da gudu ko hula babu.

"Garba! Wa ya ce a yi wannan? Kana da hankali kuwa? Ka tsai da su!"

A nan ne laifina na gaskiya yake, ba zan ɗora wa Bature ba. Da na ɗaga hannu a lokacin, da fiye da rabin gonar ta tsira. Na gane abin da ke faruwa sarai. Amma abokaina suna ta kiran sunana, Mai Gwiwa yana murmushi yana ɗaga mini babban yatsa, sai na ji nauyin in ce a tsaya. Na ce wa Baba Ɗanlami, "Ai yanzu za su gama." Ya dube ni, ya dubi gonar, ya juya ya tafi.

Kafin azahar wuri ya zama kamar daɓen ɗaki, ja, sumul, tauri kamar dutse. Takin rani guda da ƙasar da kakana ya bari suna tare a tudu ɗaya da ya fi ɗaki tsawo. Mai Gwiwa ya auna taku takwas a kowane ƙarshe, muka kafa sanduna masu gwafa, su ne gola. Abin kunyar da ban taɓa gaya wa kowa ba sai da na tsufa: wasan yammacin nan shi ne mafi daɗi a rayuwata. Ƙwallo tana tafiya inda ka aike ta. Sau uku na ci.

Baba ya dawo bayan addu'ar bakwai. Al'adarsa ce in ya dawo tafiya sai ya bi ta gona kafin ya shiga gida. Ina hango shi daga nesa. Ya tsaya ya daɗe. Ya tsuguna ya karci ƙasar da farce, farcen bai shiga ba. Na matso ina jiran sanda, wallahi da ya dake ni da na ji sauƙi. Bai ɗaga murya ba.

"Garba," ya ce, "me za mu ci?"

Ya tumɓuke sandunan nan huɗu ya kai wa Inna ta yi girki da su. Daga ranar bai ƙara yi mini magana ba. In yana son abu sai ya ce wa Inna, "Ki gaya masa."

Da Sule ya fahimtar da Mai Gwiwa abin da aka yi, jan fuskarsa ya koma fari. Ya zo ƙofar gida da buhun shinkafa, ya cire hula. Baba bai ko kalli buhun ba.

"Ka gaya masa feɗe mini gona ya yi," ya ce wa Sule. "Shinkafa ta wata guda ce. Ƙasata nake so ta koma inda take."

Amma katafila ta yi nisa, an kai ta wani aikin, kuma manyan Mai Gwiwa sun ce ba za a dawo da ita don gonar ƙauye ba. Ya je har sau biyu, suka hana. Shinkafar kuwa, Baba ya ƙi ta ta ƙofa, Inna ta karɓe ta ta bayan danga, ta hannun matar Baba Ɗanlami, ta ɓoye a ƙarƙashin gado.

Baba Ɗanlami ne ya faɗa wa Baba abin da kowa ke gani. "Malam Tanko, tudun nan a bakin ƙorama yake. Ruwan farko mai ƙarfi zai tafi da shi. In za a kwashe, yanzu ne."

Haka muka shiga ɗaukar gona a ka. Da an sallame asuba mu fita, ni da Baba da ƙannena biyu, da kwando da daro. A cika, a aza, a taka, a juye, a dawo. Kafin hantsi jar ƙasar nan ta ɗau zafi, tana gasa tafin ƙafa, iska ba ta motsi, gumi yana gangarowa da baƙin taki ya shiga ido. Sai mu fake a gindin ɗorawa har la'asar mu koma. Da yamma ka duba abin da kuka rufe, bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, tudu kuwa kamar ba a taɓa shi ba.

Ga yunwa. Inna ta canja ƙoƙon awo ta ɗauko ƙarami, ba ta gaya wa kowa ba, amma ciki ya sani. Kunun safe ya tsinke har kana ganin gindin ƙwarya. Da rana garin ɗorawa muke damawa, bakin kowa rawaya. Mata suna shiga daji tsintar kaɗanya, a ci naman a ajiye ƙwaran. Da dare faten busasshiyar rama da ɗan tsaki, ganye ya fi hatsi yawa. In na ɗaga kwando sai in ga wuta-wuta. Ban isa in ce na gaji ba, da wane bakin?

Rana ta uku sai ga Mai Gwiwa da baro biyu da shebur da kwanon sarki, wato faffaɗan kwanon ƙarfe da leburori ke ɗaukar ƙasa. Ya tuɓe riga ya cika kwano ya aza a ka. Taku biyar ya kife masa a fuska. Matan Gwari da suka zo taya mu suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Matar Baba Ɗanlami ta ja shi gefe ta nuna masa irin ɗaukarsu, a kafaɗa, bayan wuya. Ashe ita ta karɓe shi. Tun daga ranar, da ya tashi aiki sai gonarmu, Lahadi kuwa wuni yake yi, yana ɗingishi a layin mata da kwano a kafaɗa, bayansa ya ƙone ya saɓule. Baba bai ce ya zo ba, bai ce ya tafi ba.

A gindin ɗorawar nan muka ji tarihinsa, guntu-guntu, ta bakin Sule. Garinsu na masu haƙar kwal ne, ubansa a rami ya ƙarar da ƙarfinsa, shi ma ya fara shiga ramin kafin ƙwallo ta fito da shi. Gefen hagu yake buga wa, kulob uku ya yi wa wasa. Ranar wasa, in ji shi, mahaƙa kan fito daga rami ko wanka ba su yi ba su cika fili suna kiran sunansa. Sau ɗaya aka kira shi atisaye da zaɓaɓɓun ƙasar, ya ɗinka sabuwar kwat, ya je, ba a sa shi ba, ya dawo. Sannan wata rana ana ruwa, fili ya yi caɓi, wani ɗan baya ya shigo masa da ƙafa biyu. Ya ce ƙarar gwiwar har 'yan kallo sun ji. Aka fitar da shi ana tafa masa. Mako na zagayowa wani ne sanye da rigarsa, shi ma ana tafa masa.

"To me ya samu?" in ji Ado.

Sule ya tambaye shi. Ya daki aljihun da hoton yake, ya daki gwiwa, ya yi dariya.

Wata Lahadi kuma, ba wanda ya tambaye shi, ya kama magana yana kallon gonar. Baba yana gefe yana gyaran bakin kwando kamar ba ya ji. Sule ya rage murya.

"Ya ce lokacin babban yaƙin ƙasashensu yana saurayi kamar Garba. Yunwa ta shiga garinsu. Dattawa suka ce a tone filin ƙwallo a shuka dankali. Aka ba kowane gida yanki. Ubansa ya miƙa masa shebur, ya jefar, ya ce shi ba zai tone filin da yake wasa ba. Uban ya tone shi kaɗai, da tarinsa da komai. Da sanyi ya zo dankalin nan suka ci suka rayu, har da shi da ya ƙi tonawa. Ya ce uban ya mutu bai ba shi haƙuri ba. Ya ce yau ga shi ya zo ƙasar wasu ya mai da abinci filin wasa."

Hannun Baba ya tsaya a kan kwando. Can ya ce, "Tambaye shi, ramin nan da suke zura ƙwallo, faɗinsa nawa ne?"

Muka dubi juna. Sule ya ce taku takwas. Baba ya ce, "Hm," ya ci gaba da gyaran kwandonsa. Na ɗauka ba'a ce.

Ruwa dai shiru. Lokacin shuka ya yi ya gota. Rijiya ta koma laka, awaki suna cin bawon itace, kowa ya gyara sungumi ya jingine. Hadari kan haɗu a gabas, mutane su fito suna murna, ni ina tunanin tudu, sai iska ta watsa shi in sauke ajiyar zuciya a ɓoye. Ranar da aka fita roƙon ruwa na tsaya tsakanin mutanen da 'ya'yansu ke kwana da yunwa kamar namu, liman yana kuka, ni ina ƙirga kwanakin da suka rage mana mu cinye tudu. Da muka juyo wata tsohuwa ta ce, "Anya ba wani ne ya riƙe mana ruwan nan ba?" Wasa take yi, amma sai da na sunkuyar da kai na ƙara sauri.

Inna ce ta yanke shawara. Ta ce, "Malam, a kira gayya."

"Da wane abincin?"

Ta shiga ɗaki ta jawo buhun shinkafa ta dire a gabansa. Ya dubi buhun, ya dube ta. Ta ce, "Ni ban ga Bature ba, a hannun maƙwabciyata na karɓa." Ta haɗa da abin da ya rage a gindin rumbu, in ban da iri. In gayyar ba ta yi ba, mun ƙone ta ko'ina.

Ranar gayya mutane suka zo har daga ƙauyukan maƙwabta, Musulmi da Kirista, da Fulanin Jauro Bello da suka ce takin shanunsu ba zai tafi a banza ba. Mai gangar noma ya tsaya a kan tudu yana zuga samari. Layi biyu, masu zuwa da masu dawowa, baro yana kuka, mata suna waƙa da Gwaranci. Rabon wasu da shinkafa tun Sallah, aka ci aka lashe hannu. Baƙi ya fara cin ja, muna gani da idonmu.

Da azahar gabas ta yi duhu. Wannan karon ba irin na da ba ne, iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ƙasa. Ba wanda ya ce a yi gudu, kowa ya kama gudu. Mai ganga ya ajiye ganga ya ɗau kwando. Mai Gwiwa yana cikin gudu da kwano ƙafar ta lanƙwashe, ya faɗi, na ji ƙarar da ya yi. Na yi kansa, ya ture ni yana nuna tudu. Ya ja jiki ya zauna a gindinsa da shebur, yana cika wa mutane kwando daga zaune.

Da la'asar ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka yi guɗa, wasu suna rawa, wasu suka ruga gida fito da iri, kuma wa zai ga laifinsu? Muka rage mu kaɗan. Tudun ya jiƙe, ya tsage, gefensa ya zame cikin ƙorama, sannan sauran ya bi. Ruwan ƙorama ya koma baƙi yana wucewa da abincinmu. Mun rufe rabin gona da ɗan ɗori.

Mai Gwiwa yana zaune cikin taɓo ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Baba ya daɗe yana kallon ƙorama. Sannan ya je ya kama hannunsa ya ɗaga shi. "Tashi, Mai Gwiwa. Ruwa alheri ne." Ya rataya hannun Baturen a wuyansa ya kai shi har mota. Ni ko kallo ban samu ba.

Muka shuka dawa a baƙin. Jan kuwa ko sungumi tsalle yake yi a kai, sai da marka ta jiƙa shi sosai Baba Ɗanlami ya kawo mana irin dauro daga gonarsa muka dasa, ya ce shi dauro ba ya da fushi. Tsakiyar daminar nan ita ce yunwar gaske. Ganye ko'ina shar, ciki babu komai. Tafasa muka ci har muka gaji da ganinta. Awarwaron Inna da ke tsayawa a wuyan hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Ƙaramar ƙanwata ta daina wasa, sai ta zauna a bakin murhu tana kallon tukunya, wannan kallon har yau yana ci mini rai. In na gama noman gida sai in tafi ƙwadago a gonakin mutane a ba ni hatsi a ƙwarya. Ƙwallon fata kuwa na cusa ta a rufin ɗaki, ko an kira ni wasa ba na fita.

A can ƙarshen jan, cikin dauro, wasu tushe biyu na dawa suka fito suka yi tsawo su kaɗai. Na ɗauka gyauro ne, wato wadda ta fito da kanta. Na so in cire a noman farko, Baba ya ce wa ƙanena, "Gaya masa ya bar su." Na bar su.

Kamfani ya tashi kafin kaka. Mai Gwiwa ya zo sallama da sanda a hannu, ya tsaya ya ga gonar, rabi kore har ya fi mutum tsawo, rabi rawaya iya gwiwa, kamar an ja layi. Ya rungume ni, ya sa yatsa ya ɗago haɓata, ya faɗi kalmominsa biyu. Ban sake ganinsa ba, ko labarinsa ban ƙara ji ba, kuma har gobe ina kewarsa.

Kaka ta zo. Baƙin nan ya yi dawar da ban taɓa ganin irinta ba, zangarniya kamar damtse. Dauro ya ba da ɗan abin da ya samu. Da aka haɗa, Inna ta leƙa rumbu ta ce in an yi hankali zai kai mu sabon gero. Ya kuwa kai mu, da ƙyar.

Ranar da muke sare kara, Baba yana gaba da magirbi ina binsa. A ƙarshen gona ta bakin ƙorama ya tsallake kara biyu bai sare ba. Na ɗaga magirbi zan gyara masa.

"Bar su, Garba."

Ni ya yi wa magana, ba ƙanena ba. Na tsaya. Ya taka daga wannan karan zuwa wancan yana ƙirgawa a fili, ɗaya, biyu, har takwas. Sannan ya nuna can ɗaya ƙarshen da haɓa. Na juya. Dauro duk an kwashe, fili ya buɗe, ba abin da ke tsaye sai tushe biyun nan na dawa da na zaci gyauro ne, suna fuskantar waɗannan. Na tafi da gudu na tona gindinsu da hannu. Rami ne aka haƙa cikin jar ƙasa aka cika da baƙa. Tun ranar shuka ya yi su, lokacin da ba mu san ko za mu kai kaka da rai ba.

Na durƙusa a wurin na yi kukan da ban yi ba duk shekarar. Ya iso ya tsaya a kaina.

"Daga yau har Jauro ya sauko da shanu, filinku ne," ya ce. "Amma duk wanda ya sake shigo mini da ƙarfe gona, ni da shi ne. Tashi ka ɗauko abin nan da ka cusa a rufin ɗaki, ɓeraye za su cinye. Kuma ka ɗaga kai, kamar yadda gurgun naku yake faɗa."

Tun daga shekarar, kowace kaka sai an bar kara huɗu a tsaye a gonar nan. Baba ya yi har ya rasu, ni na ci gaba, 'ya'yana suka buga a wurin, jikokina ma sun fara. Jan ya ɗauki shekaru yana shan taki kafin ya manta. Yanzu kaka huɗu ke nan ban taka gonar ba, tun da daji ya hana mu zama muka dawo cikin gari. Ban san wa ke wucewa ta wurin ba, ban san ko ciyawa ta rufe ta ba.

Ga hadari can ya fara haɗuwa ta gabas, iska ta canja. Allah Ya sauko da shi yau ɗin nan, har can bakin ƙoramarmu. Wannan karon da baki da zuciya na ce amin.